Na manna kunne a tanki

"Hajiya, batir ne. Koma inuwa ki zauna."

Haka wani makaniki ya ce min jiya a Outoul, ko kallona bai yi ba. Kwana biyar ke nan motar da nake kai tumatir kasuwar Tamanrasset sai ta yi ta tari kafin ta tashi. Jiya ta ƙi sam, tumatirina na dahuwa a rana.

Na ce, "Malam, batirin da ke juya inji haka lafiyarsa lau. Murɗa makullin kontak kawai, kada ka tada."

Na durƙusa da zanena, na manna kunne a tankin mai, inda famfon yake. Lafiyayyen famfon mai nan take za ka ji zuuu ɗinsa. Nawa nishi ɗaya ya yi, ya yi tsit.

Na cire takalmi, na ƙwala wa tankin sau biyu. "Tada yanzu." Ta tashi.

Ya ce, "Wa ya koya miki?"

"Shekara goma ina miƙa wa babana kile, wato sifana, a garajinsa a Damagaram."

Famfon ya canja, ba batir ba, ina tsaye a kansa. Inuwar ban zauna ba.

Ku fa, wa ya taɓa tura ku inuwa kan abin da kuka fi shi sani?