Addu'ar Gindin Dabino

A gidanmu na unguwar Yalwawa a Dutse ba mu taɓa bukatar agogo mai ƙararrawa ba, domin muna da Mama. Da an idar da sallar asuba a masallacin unguwa, za ka ji tana jan kujerarta 'yar tsugune zuwa gindin dabino, ta yi gyaran murya, ta ce, "Uba, ni ce dai na sake dawowa." Haka take buɗe addu'arta kullum, kamar wadda ta shiga maƙwabta aron rariya. Za ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta roƙa mana, ta roƙa wa Fasto da matan zumunta da marasa lafiya, sannan ta dire a kan abin da ya fito da ita: bishiyar nan dai, Ubangiji, a sa ta haihu.

Mu ba 'yan Dutse ba ne na asali. Aikin gwamnati ne ya kawo Baba daga ƙauyenmu na kudancin Kano, inda muka san ɗorawa da kaɗanya, amma dabino sai dai a farantin mai talla. Shekarar da muka tare a gidan, Kaka, mahaifiyar Mama, ta zo ganin waje. Ta sayo dabino a kasuwa ta ci, ta tona ƙasa a lungun da katangarmu ta haɗu da ta maƙwabta ta wajen titi, ta binne ƙwallon. Ta ce wa Mama, "Ki riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke. Ni ba zan ci ba, amma ke za ki ci." Kaka ba ta ga daminar da ta biyo baya ba. Ƙwallon kuwa ya tsiro.

Ina firamare ya tsiro, ina jami'a bishiyar ta wuce katanga. Ta yi kauri, ta baje ganye, ta cika da ƙaya mai kama mana kallabi idan mun je shanya. Duk lokacin sanyi sai ta fitar da fure fari, mu sa rai, sai 'ya'yan su fito ƙanana marasa ƙwallo, su zube tun suna kore. Na taɓa ɗanɗana ɗaya, baurinsa ya ɗaure min harshe har azahar. Akuyarmu da ke cin kwali ma shinshinawa take ta wuce.

Shi kuwa Baba ritaya na ƙarato masa, kuma ya riga ya gina shago a cikin kansa. Wurin da shagon zai zauna shi ne daidai inda bishiyar take. Duk shekara sai ya ce za a sare, Mama ta ce, "Baban yara, a ƙara mata shekara guda," ya ƙara. Ni a lokacin ina bayan Baba ɗari bisa ɗari, don a ganina shago ya fi itacen da ba ya komai sai yaga mana zannuwa.

Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan misalin wata gwauruwa da ta dami alƙali da zuwa har ya gaji ya biya mata bukata. Ina kallon Mama daga sahun mawaƙa, tana gyaɗa kai kamar don ita aka shirya wa'azin. A cikin Keke muna komawa gida Baba ya ce, "Shi ke nan, Fasto ya ja mana. Yanzu ko barcin Asabar ba za mu ƙara samu ba."

"Ai ba da kai nake ba," in ji Mama.

"Na sani. Amma Maman yara, Allah ba kurma ba ne. Tun ranar farko ya ji ki."

"Na san ya ji. Ni ce ban gama faɗa ba."

Mai Keken ya yi dariya har ya kusa wuce kwanar gidanmu.

A shekarar Baba ya nuna da gaske yake. Ya sa aka sauke bulo a ƙofar gida, aka jibge yashi, ya ce idan furen bana ma ya zube, birkila zai fara aiki kafin damina. Mama ba ta yi masa musu ba. Muryarta ce kawai ta ƙaru. Addu'ar da a da iyakarta tsakar gida ta fara tsallake katanga, har na riƙa jin nauyin haɗa ido da maƙwabta idan na fito da safe. Na ce mata, "Mama, ki riƙa yi a ɗaki mana, ko a zuci." Ta dube ni ta ce, "Ke da kike da jarrabawa kika ce in ɗaga murya. Yanzu ne kika san zuci?"

Ban manta wata safiya ba da na fito ɗiban ruwa na same ta a tsaye a gindin dabino. Ta dafa jikin bishiyar, hawaye na bin fuskarta. Da ta gan ni ta goge da bakin zani ta ce, "Inna ta ce zan ci." A ranar na gane ba dabino Mama take kwaɗayi ba, don da kuɗin cefane ɗaya sai ta cika kwano da shi a kasuwa. Maganar uwarta ce ba ta so ta faɗi ƙasa. Tausayinta ya kama ni sosai, ko da yake ban fasa ganin shago ya fi ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya, wadda muke musayar abincin Sallah da na Kirsimeti da ita, ta ɗauko mahaifinta daga wani ƙauye na bayan duwatsu don a yi masa aikin ido. Tsohon ya zauna wajenta yana jinya. Ashe idan ya dawo daga masallaci a jikin katangar nan yake shimfiɗa buzunsa yana jan carbi, kuma duk abin da Mama ke faɗa a kunnensa yake sauka.

Wata Asabar da hantsi sai ga sallama. Baba ya fita ya shigo da shi, dogon tsoho da baƙin tabarau da sanda, Hajiya na biye. Bayan an gaisa ya juya wajen Mama ya ce, "'Yata, ke ce mai dabino? Wallahi na haddace addu'ar nan taki. Da farko na ce ba ruwana da harkar gidan mutane. Na yi shiru, na yi shiru, na ga ba ki da niyyar dainawa. Jiya ina lazimi na ji bakina yana roƙa wa dabinonki. Na ce to, gara in zo in ga bishiyar nan ko na samu lafiya."

Ya laluba jikin bishiyar, ya sa aka karyo masa silin fure ya murza ya shinshina. "Mace ce, lafiyarta ƙalau. Wa yake yi mata barbara?"

Muka dubi juna. Baba ya ce, "Alhaji, barbara kuma? Bishiyar?"

Tsohon ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce shi a cikin dabino ya tashi, kuma dabino akwai mace akwai namiji. Idan babu namiji a kusa, sai an yanko furensa an kawo an cusa a cikin na macen an ɗaure, in ba haka ba ta yi ta zubar da 'ya'ya har ta tsufa. A garinsu ko yaro ya san wannan. Hajiya ta rufe baki ta ce ita a makarantar kwana ta girma, ta ɗauka mun sani. Mu kuwa mun zuba ruwa, mun zuba taki, mun zuba addu'a, ba wanda ya taɓa tunanin tambaya.

Bayan kwana biyu aka kawo furen namijin daga ƙauye a naɗe cikin tsumma, yana zubar da gari fari. Saura mai hawa. Tsohon ba ido, ni ba zan hau ba, ƙannena suna makaranta. Mama ta ɗauko tsani ta jingina, ta tsaya tana kallon Baba. Ya dube ta, ya dubi bulonsa, ya tuɓe hula ya miƙo min.

Ban taɓa ganin abin dariya irin na ranar ba. Baba a sama ƙaya na sukarsa, tsohon a ƙasa yana ba da umarni ga abin da ba ya gani. "Kifa shi, kansa ƙasa. Ka karkaɗa? To ɗaure da kaba, kar ka matse." Mama ta riƙe tsani da hannu biyu, bakinta na motsi. Baba ya leƙo ya ce, "In addu'a kike, ki sa da ni, don na fi bishiyar nan bukata yanzu."

Furen bai zube ba. 'Ya'yan suka kama, suka yi kore, suka yi rawaya, nonnan, wato gungun 'ya'yan, suka yi nauyi har sai da aka tallafe su da igiya. Baba da ya ce ba ruwansa shi ne ke zagayawa da yamma yana korar tsuntsaye. Da birkila ya zo, Baba da kansa ya ja masa layi nesa da gindin. Shagonmu har gobe siriri ne, mutum biyu ba sa gilmawa a ciki sai ɗaya ya karkace.

Da suka nuna, Mama ta ware nono guda na nunan fari ta kai majami'a, matan zumunta suka raka ta gaba da waƙa da kiɗan tulu. Ta cika kwano ta aika wa tsohon, wanda ya riga ya warke amma Hajiya ta hana shi komawa. Sai da aka gama duk wannan ta zauna a kujerarta ta ɗauki ɗaya ta sa a baki. Muka zuba mata ido. Ta daɗe tana taunawa, ta fito da ƙwallon ta riƙe a tafin hannu tana kallo.

"Inna, na ci," ta ce a hankali. Can kuma ta share ido ta ƙara da cewa, "Amma gaskiya bai kai wanda kika sayo zaƙi ba."

Daren ranar na kwanta da niyyar ramuwar barcin shekaru. Ana idar da sallar asuba na ji jan kujera, na ji gyaran murya. "Uba, ni ce dai na sake dawowa. Mun gode, mun ci. To yanzu saura zaƙi, a ɗan ƙara mana na baɗi."

Daga ɗaki Baba ya yi tsaki mai haɗe da dariya. Daga bayan katanga kuma muryar tsohon ta amsa, "Amin, 'yata."