Zanzaro, Turmi da Zakaran Surukata

Motata ba ta shan mai. Na faɗi wannan magana a Tambuwal har ta kai in na doso majalisa sai wani ya riga ni: "Mun sani, ba ta shan mai, zamna." Tsohuwar ƙaramar mota ce da injinta ya mutu murus, ta daɗe a ƙofar gida awaki na haihuwa a ƙarƙashinta. Ɗan kawuna, taubashina, wanda sana'arsa haɗa wa mutane wutar sola, shi ya ce in ba shi gawar ya gwada hannunsa. Ya fidda inji, ya jera batura, ya mayar da ita mai lantarki. Ta tashi kuwa. Ba hayaƙi, ba ƙara, tafe take kamar mai bin sawun ɓarawo.

Inda inji yake a da sai ya zama fili. Taubashina ya shimfiɗa katako a kan abubuwan da ya ɗaura, ni kuma na shiga gari ina shelar cewa gaban motata zai ɗauke rumbu guda har da mai rumbun.

Abu ɗaya ne ke kuka a cikinta. Da can inji ne ke zuƙe iska daga wata baƙar tukunya da ke bayan birki, shi ya sa ko da ɗan yatsan ƙafa ka taɓa, mota sai ta tsaya. Da inji ya tafi, sai aka sa wani ɗan famfo na lantarki, bai fi gwangwanin madara ba, da baƙin tiyo da ya haɗa shi da tukunyar, yana yin wannan zuƙa. Kukansa irin na zanzaro ne, don haka na raɗa masa suna zanzaro.

"Buɗe kunnenka, ƙaton banza," in ji taubashina ranar da ya ba ni makulli. "In ka kunna ya yi kuka kaɗan ya yi shiru, lafiya lau. In ya ƙi yin shiru, iska na shiga wani wuri. In ko ka taka birki ba ka ji shi ba sam, fara kalmar shahada, don da wagga gwiwa taka mai ciwo ko amalanke ba ka tsaidawa."

Da kaka ta yi, matata ta haihu bayan mun daɗe da fidda rai, aka ce ni zan je Fakku in ɗauko mahaifiyarta. Matata ɗiyar fari ce a wurin Inna, saboda haka kunyar da ke tsakanina da tsohuwar nan ta fi katangar gidan yari kauri. Duk shekarun auren nan, maganar da muka yi da ita ba ta cika cokali ba. Ina durƙusawa daga bakin ƙofa in ce ina wuni, ta amsa daga bayan labule, shi ke nan sai wata shekara. Da za a sa ni in nuna ta a cikin kasuwa, sai dai in bi ƙafafun mata ina dubawa, don su kaɗai na sani.

Na isa Fakku lafiya. Na ci tuwo, na yi azahar, na fito na tarar an kewaye motata ana lodi. Bayanta ya cika da buhun gero da ƙullin daddawa da kwanon man shanu. Ƙanen Inna, wani dattijo mai fara'a, ya ɗaga murfin gaba, ga shi rungume da sabon turmi na icen kirya. Wai Inna ta ce ba ta daka yajin jego a turmin mutanen birni.

"Ai mun ji labari," in ji shi. "An ce nan rumbu taka ɗauka. To ga ɗan turmi."

Na ga ya dire shi a kan katako, kusa da baƙin tiyon nan. Na so in hana, na fasa. Ni na yi shelar, a gaban surukai kuma, ga Inna can ta riga ta shiga kujerar baya ta ja mayafi har hanci, da wani jan zakara a cinyarta an ɗaure masa ƙafafu da robar tayar keke. Na yi dariya na ce ai ko turmi goma ne a kawo.

Na kunna. Zanzaro ya yi kuka, ya yi shiru. Muka kama hanya.

Ba mu yi nisa ba na faɗa wani rami da damina ta bari. Na ji abu ya mirgina a gaba, gum. Zanzaro ya ɗauki kuka. Na jira ya yi shiru. Muka wuce gonar dawa, muka wuce wata, muka wuce masu shanya barkono a bakin hanya, yana nan yana yi. Na ɗan taɓa birki. Da safe laushinsa kamar ka taka tuwo, yanzu ya fara yi mini gardama.

Gumi ya tsatso mini ta ƙarƙashin hula. Na san abin da ya kamata: in tsaya, in ɗaga murfi, in fidda turmi. Amma tsayawar nan daidai take da in juya in ce wa Inna kayanki sun lalata mini mota. Kuma in ta tambayi me ya faru, da wane baki zan ce mata birki ne? Sai na shiga lallashin kaina. Wataƙila zanzaro ne ke jin nishaɗi. Wataƙila ya yi shiru a kwanar gaba. Na rage gudu har wani mai jaki ya wuce mu yana waiwaye.

Abin da ke cin raina shi ne gangaren da ke gabanmu. Na hau shi da safe, na san shi: dogo ne, yana sauka ne kai tsaye zuwa mashigin wani rafi inda makiyaya ke shayar da shanu. In na kai bakinsa birki bai dawo ba, zan gangara da uwar matata, a makon da jikanta ya zo duniya, in zuba ta cikin ƙahonin shanu. Na fara tsara yadda zan shiga gida in yi bayani. Ko a cikin tunani na kasa wuce sallama.

Sai wani wari ya taso, irin na wayar wuta in ta yi zafi. Kukan zanzaro ya sauya, ya zama na mai mura.

Daga bayana na ji an yi gyaran murya.

"Kai zakara," in ji Inna, a hankali, kamar mai yi wa jariri magana. "Wanga abu da munka taso ya yi kuka ya yi shiru. Tun da munka faɗa rami bai huta ba. Kai ba ka jiya ba?"

Na kusa sakin sitiyari. Ashe tun ɗazu tana ji. Ita ma kunya ce ta riƙe mata baki, sai da ta samo wanda za ta aika.

Na dubi hanya, na ce, "Zakara, a gaya ma Inna gaskiya ne. Abin shi ka taimakon birki."

"Zakara, tambaye shi, in ya gaji mi ka faruwa?"

Kafin in samo amsar da ba za ta tsorata tsohuwa ba, zanzaro ya amsa da kansa. Ya yi wani ɗan tari, ya yi tsit. Shirun da na yi ta yi wa motata kirari a kansa, ranar na ji muninsa. Ba ka jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya, ga bakin gangare can ya bayyana.

Na taka birki, na ji kamar na taka dutse. Na ƙara da ƙafa ta biyu, na tokare bayana da kujera har ta yi ƙara, gwiwata ta ce ita fa ba da ita aka yi wannan shawara ba. Na ja birkin hannu da dukan ƙarfin tuwon da na ci. Mota ta ci gaba da tafiyarta a natse kamar ba da ita ake ba, tana ragewa kaɗan-kaɗan, ni ina salati da ƙarfi, Inna na yi a hankali, zakara na fuka-fuki. Da ƙyar ta tsaya. Daga inda nake ina hango fararen shanu a ƙasa sun cika mashigi.

Na fito, na sa duwatsu a gaban tayoyi, na ɗaga murfi. Turmi ya kwanta a kan tiyo, ya fizge shi daga bakin tukunya, ya kuma tsaga masa baki. Ƙarfen da ke matse shi ya faɗi, Allah kaɗai ya san a gonar wa. Famfon kuwa in ka fasa ƙwai a kansa sai ya soyu.

Waya ba ta kamawa sai da na hau kan wani suri. Taubashina ya ɗauka.

"Turmi?" ya ce. "Turmi kas sa mani cikin aiki? Don mi ba ka sa tabarya da matar da ka daka ba?"

"Bari wasa, Inna na cikin mota."

Nan take ya bar wasa. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya bar wasa ba, sai tsorona ya ƙaru. Sannan ya ce in bar famfon ya huce, in yanke tsagaggen bakin tiyo, in mayar, in ɗaure tamau. In na kunna bai yi kuka ba, in duba fis ɗinsa, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, in ya ƙone in ciro na ham in sa. In ya yi kuka ya ƙi yin shiru, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, kada in kuskura in gangara, ko da kwana za mu yi a nan.

Wuƙa ina da ita. Na yanke, na tura tiyo ya shiga, amma da na ja kaɗan sai ya zame. Na laluba aljihu, na laluba mota, babu waya, babu igiya. Har na fara duban mazagin wandona, na tuna wadda ke zaune a baya, na fasa.

"Zakara," na ji ta ce ta taga, "ba shi takalminka."

Hannu ya fito daga cikin mayafi riƙe da robar da aka ɗaure ƙafafun zakara. Na karɓa da hannu biyu ina kallon ƙasa. Na naɗe bakin tiyo, na ja, na ƙulle, na sake ƙullewa.

Na kunna. Shiru. Na buɗe akwatin fis, na tarar da na famfo ya yi baƙi, na ciro na ham na sa. Na ce bismilla na sake murɗa makulli.

Zanzaro ya ɗauki kuka. Ban taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba, amma ba kukan nake jira ba, shirun nake jira. Na riƙe numfashi. Yana yi, yana yi, har na fara ganin duhu-duhu. Sai ya tsaya. Na taka birki, ya yi laushi, zanzaro ya ɗan yi kuka ya sake tsayawa. Na ja da baya a kan fili na gwada, na sake gwadawa, har makiyayin da ke ƙasa ya tsaya yana kallon mahaukaci.

Duk da haka roba roba ce. Na ɗauko turmi na zaunar da shi a kujerar gaba na ɗaura masa bel, na tsaya a gefen taga na ce, "Zakara, a roƙi Inna ta sauka ta taka a hankali zuwa ƙasa. In na isa lafiya sai ta shiga."

Ta gyara zama.

"Zakara, ce mashi ba ni sauka. In na tsaya nan ina kallo wani abu ya same shi, mi nika ce ma ɗiyata? Ya tafi a hankali. Allah na nan."

Na janye duwatsu, na shiga. Idona ya ɗan yi ruwa, na ce gumi ne. Muka fara gangarawa, ƙafata a kan birki, hannuna a kan birkin hannu, kunnena gaba ɗaya a wurin zanzaro. Ya yi kuka, ya yi shiru. Ya yi kuka, ya yi shiru. Duk shirun da ya yi sai na ji kamar na ƙarshe ne. Da muka kusa shanu na danna ham, na tuna na cire masa fis. Sai ga zakara, da yake ƙafafunsa a sake suke, ya kubce ya haye kan buhun gero ya rangaɗa cara a tsakiyar la'asar. Ban ce shanu sun watse don shi ba, amma dai makiyayi ya waiwayo ya kore su, muka tsallake ruwa.

Mun shiga Tambuwal rana na shirin faɗuwa, a gudun da ko mai tallan nono sai ta wuce mu. Matata ta tambayi uwarta ya hanya. Inna ta ce lafiya lau, ba ta ƙara ko kalma ba. Washegari taubashina ya sa sabon tiyo da ƙarfen matsewa, ya kuma kafa wa katakon nan shinge, yana yi yana zagina.

Zakaran nan don ranar suna aka kawo shi. Da aka zo kama shi na hana, na je kasuwa na sayo wani. Inna ta yi kwanakinta a gidanmu, kullum da safe in na kunna mota a ƙofar gida, sai in ji ta daga tsakar gida ta dakata da daka. Sai zanzaro ya yi kukansa ya yi shiru, sannan in ji ta ce, "To zakara, ce mashi a sauka lafiya," tabarya ta ci gaba.