Ƙwan Tarwaɗa

Idan damina ta yi nisa a Garuwa, kogin Binuwai ya cika ya haura fadama, abu biyu ke zuwa tare. Tarwaɗa ta shigo cikin ciyawa zuba ƙwai, samari kuma su fito da tsofaffin murafun firji. Sai su kwanta a kai su jira kwalekwale mai inji ya wuce, su miƙe tsaye su hau igiyar ruwan da ya tayar har bakin yashi.

Yayana, wanda muke kira Hamma, shi ne gwaninsu. Mahauci ne, da furfura a gemu, amma bai san ya girma ba. Matarsa kuwa ta daɗe a gidanmu ba ko ɓari, mahaifiyarmu, Dada, ta riga ta fara cewa a sallame ta. Ban taɓa jin wani ya ce a duba Hamma ba. Abin yana ci mini rai, amma ƙanwa ba ta da baki.

Wata rana muna bakin ruwa muna gyaran tarwaɗa, kowace aka tsaga cikinta fal da ƙwai. Mahaifiyarmu ta ɗebo da hannu ta kai wa surukarta har hanci, a gaban matan unguwa.

"Duba nan, 'yar nan. Ko kifi ya san lokacinsa."

Mata suka kwashe da dariya. Daidai nan Hamma ya taho kan igiya, hannu a buɗe, yara na yi masa kirari. Matarsa ta dube shi, ba ta ajiye wuƙar ba.

"Dada, ni 'yar masunta ce. Macen tana zuba nata, amma in namijin bai bi ta kai ya zuba nasa ba, ruɓewa yake yi a ciyawa. Ga ɗanki can, ki tambaye shi. Likita ya gaya masa tun bara, a gabana."

Baki shi ke yanka wuya. Ruwa kuma yana kai magana nesa, har samarin da ke cikin kogi sun ji. Hamma ya fito yana jan murfinsa, wani ɗan banza ya yi ihu, "Hamma, iyakarka hawa ke nan?" Suna ya bi shi har mayanka: Hawa-kawai. Na tausaya masa, na kuma ji haushinsa, don ya sani ya bar ta tana shan gori ita kaɗai.

A makon ya sake ta. Bai ƙara shiga ruwa ba, murfin ya zama abin rufe akurkin kaji.

Ita kuwa matar ta auri wani mai kwalekwale. Wata damina muna zaune a tsakar gida aka shigo da kwano a rufe, wai ta haihu, ga abincin suna, na Dada ne ita kaɗai. Mahaifiyarmu ta buɗe a gaban Hamma. Soyayyen ƙwan tarwaɗa ne, cike har baki.