Mai Biro da Ƙafar Yayanta

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ta riga ta jera kwanukanta, ta yayyanka bandeji, ta jawo 'yar kujerar nan tata mai gajerun ƙafafu. Ɗakin wankin ciwo can yake a ƙurya, bayan ɗakin allura, inda ko ma'aikata ba sa son giftawa saboda wari. A nan ta ƙarar da ƙuruciyarta, a sunkuye kan ƙafafun mutane. Majinyata Mai Biro suke ce mata, domin ba ta sallamar mai gyambo sai ta shafa fatarsa da bayan hannu, ta gano inda zafin kumburi ya tsaya, ta zagaye wurin da biro. In ka dawo zafin ya ja baya, an samu sauƙi. In ya tsallake zanen, ranar sai ka ga likita, ko ka so ko ka ƙi.

Akwai ta da faɗa, wallahi, amma faɗan da bayani yake tafe. Takan ce in jiki ya ji rauni, jijiyoyin jini kan buɗe don jini ya kawo ɗauki, shi ya sa wurin ke zafi ya kumbura, in gyara ya ƙare kuma su koma yadda suke. Abin da ke hana su komawa shi take yaƙa: dattin da ya maƙale a ciwo, ƙwayoyin cuta, sukarin da ya yi yawa a jini, sigari, susa, da tsayuwar yini guda. In suka daɗe a buɗe sai su saki, su yi ta tsiyayar ruwa cikin nama, ciwo ya ƙi haɗewa. Wani direban babbar mota har gobe yana ɗage wando ya nuna tabonsa, yana cewa ba don masifar matar nan ba da yanzu da sanda yake tafiya.

Mai Biro, ke ce mai taɓa abin da 'ya'yan mutum ke toshe hanci su ba shi baya. Ke ce ba ki taɓa yamutsa fuska a gaban mai ciwo ba.

Sai ga jarrabawa ta shigo mata har gida. Yayanta mai aski ne, shi ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, kuma yana fama da ciwon sukari. Sabon takalmi ya ci masa diddigen hagu, wurin ya kumbura. Ta wanke, ta yi zanenta, ta ce ya rufe shago ya ɗora ƙafar a kan matashi. Ya yi dariya ya ce sumar mutane ba ta san ana jinya ba. Ta ce to, ranar da zafin ya tsallake zane, da hannunta za ta sa wa shagon kwaɗo.

Duk zuwan da zai yi, zafin yana cikin zane, ita kuwa tana ta hamdala. Ashe kafin ya fito yakan goge zanenta da sabulu, ya zana nasa sama kaɗan, ya koma ya yini a tsaye kan kawunan mutane. Matarsa ce ta gaji da ɓoyewa, ta zo tana kuka ta faɗa. Kafin nan ciwon ya kai ƙashi. Likitoci suka yi iya yinsu, daga ƙarshe aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da ya farfaɗo ya kama hannunta.

“Auta, ki yafe mini. Zaman gida na ji tsoro.”

“Yaya, ƙafafun bare na tsare, taka ta wuce ni ina kallo.”

Washegari ta zo aiki. Abokan aikinta sun gan ta a wurin wanke hannu, famfo yana zuba, tana kuka ba sauti. Ta share fuska, ta leƙa baranda, ta kira mai bi. Wannan baƙin cikin bai sake ta ba har yau, kuma ba ta ɓoye shi.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, bayanta ya ranƙwafa, gwiwoyinta sun gaji. Mun gode, Mai Biro, Allah Ya saka miki da alheri. Matasan ma'aikata, ku sunkuya kamar yadda ta sunkuya. Ku kuma masu ciwo, don Allah ku faɗa wa mai wanke muku gaskiya. Ita dai majinyaci ɗaya ya rage mata. Kullum da safe za ta je gidan yayanta ta naɗe masa dungulmin, ta sa masa takalmin dama, ta riƙe kafaɗarsa su taka zuwa ƙofa.