Lokotoron Taga

Mijina na fari ya yi cin rani uku a Ikko yana gadin ƙofar wani Bature mai gyaran baya. Gadi fa na ce. Amma ɗakin da Baturen yake aiki yana da taga, mijina kuma yana da ido, shi ke nan ilimi ya samu. Ya dawo ƙauyenmu na kusa da Dogarawa da rediyo, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da wata takarda mai hoton ƙashin bayan mutum. Ya manna ta a zaure, ya ce daga yau a kira shi lokotoro, wato likita.

Karatunsa guda ne, kuma na ji shi har na haddace. Wai ƙashin baya shi ne ginshiƙin jiki, jijiyoyi duka ta cikinsa suke bi, in gaɓa ɗaya ta goce sai ciwo ya fito ko a ina. Wataƙila wannan gaskiya ne, tunda ba shi ya ƙirƙira ba. Abin da bai hango ta taga ba shi ne wane baya ake taɓawa, wane ake bari. Kowa ya zo, kwantar da shi yake rub da ciki, ya ɗora gwiwa, ya danna har a ji ƙas. Mutanenmu kuwa ƙas ɗin nan suke so. Maganin da bai yi ƙara ba ai ba magani ba ne a wurinsu. Mai ciwon haƙori ma na ga an danna wa baya, ya tashi yana godiya, kumatunsa a kumbure.

Yayana ɗan dako ne a tashar albasa ta Galmi. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Wata ranar kasuwa ya zamo daga saman babbar mota da buhu a kafaɗa, aka kawo shi gidanmu a kan amalanke. Yana motsa ƙafafunsa, yana ma iya tsayawa in an tallafe shi.

Na aika aka kira tsohon maɗorin garinmu, wanda ya gaji ɗori kaka da kakanni. Ya bi bayan da yatsa biyu a hankali, kamar mai laluben ƙwai a akurki. Da ya kai tsakiya sai ya janye hannu.

"Wanga ba gocewa ba ta, tsagewa ta," in ji shi. "Ku cire ƙyaure ku kwantar da shi bisa, kwana arba'in. Kada wanda ya taɓa shi. In da hali, ku kai shi likita hakanan kwance."

Ko fita zaure tsohon bai yi ba mijina ya yi tsaki.

"Yaya, kwana arba'in? Albasa ta ƙare ke nan. Tsoho na, bai san zamani ba. Ni yanzu-yanzu ina tashe ka."

Na ce, "Malam, ka ji dai abin da Baba maɗori ya ce."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke mi kika sani? Kin taɓa zuwa Ikko?"

Yayana yana da 'ya'ya biyar, kuma bayansa ne gonarsa. Ya ce a gwada. Maƙwabta suka cika zaure, kowa ya miƙa wuya yana jiran ƙas. Har yau in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake. Sai dai ba ni da bakin zaginsu, domin da mijina ya ce in riƙe ƙafafun kada ya yi shure-shure, durƙusawa na yi na riƙe.

Ya ɗora gwiwa. Ya danna. Aka ji ƙas, wani ya ce madalla.

Mijina ya miƙe yana karkaɗe hannu, yana kallon jama'a a yaba masa. Bayan kwana biyu takardar nan ta ɓace daga zaure, ya koma sayar da batir a kasuwar Konni, yana cewa ƙaddara ce. Ban ƙara kwana a gidansa ba. Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana tufka igiya a zaune, bai taɓa ɗaga mini maganar ba.

Amma a ranar, kafin kowa ya gane, ni na fara sani. Ƙafafun da suke ta fizga a hannuna suka yi laƙwas. Yayana ya juyo da kai, ya ce, "Auta, don mi kika sake ni? Riƙe ni mana."

Ina riƙe da shi da hannu biyu.