Kukun da Na Sauke Daga Jirgi

Shekara goma sha ɗaya muna jirgi ɗaya da Kuku, kuma ni na sauke shi da hannuna. Abin da ya kai ni garinsu ke nan a watan jiya, tafiyar awa bakwai a mota, don in roƙe shi ya yafe mini.

Kar a ɗauka ni wani ne. Ni malamin koyar da tuƙi ne, yini nake a kujerar gefen direba ina cewa "sassauta, sassauta" har muryata ta dushe. Jirgin namu na rubutu ne, a wani zaure na intanet da na buɗe. Mu shida ne, kowa da mutumin da ya ƙirƙira. Wannan ya rubuta sakin layi, wancan ya ɗora, labarin wani jirgi da ya bar duniya yana neman wata a tsakanin taurari. Ni ne Kyaftin, don ni na buɗe zauren, kuma ina son girma, ba na ɓoyewa. Akwai Likita, akwai Makaniki. Duk wanda ya shigo muƙami yake nema. Shi kuwa da ya zo na tambaye shi me zai zama, sai ya rubuta: "Ku duka manya ne. Wa ke dafa muku abinci?"

Tun daga ranar ya zama Kuku.

Dokar farko ta zauren shi ya kawo ta. Makaniki ne ya taɓa rubuta cewa Likita ta suma, don kawai ya samu ya cece ta, ita kuwa ta tashi da safe ta tarar an sumar da ita ba da saninta ba. Aka yi ta cacar baki kwana biyu. Kuku ya ce daga yau ba mai sa magana a bakin mutumin wani, ba kuma mai bai wa wani wayarsa ya rubuta masa, kowa da hannunsa. Doka ta biyu tawa ce: wanda ya yi kwana talatin bai ce uffan ba, Kyaftin zai rubuta saukarsa daga jirgi, labari ya ci gaba. Akwai kuma abin da ba a rubuta ba amma muke tinƙaho da shi. Ba ma tambayar suna, ba ma tambayar gari, ba ma karɓar lambar juna. Muka ce hakan ne ya sa muka daɗe ba a ji kanmu ba.

Banda ɗakin wasan muna da wani sashe da muke kira baranda, inda ake cire rigar wasa a yi hira. A nan muke caccakar shirye-shiryen talabijin na jiragen sararin samaniya. Makaniki lissafin gudun jirgi ke damunsa, Likita kuma ta tsani yadda ake warkar da mutum cikin minti ɗaya. Shi Kuku ƙorafinsa ɗaya ne shekara da shekaru. "Shiri saba'in na kalla," in ji shi, "ban ga mai shara ba. Ƙasa tana ƙyalli, to aljanu ke gogewa?" Idan aka harbo jirgi a shirin, mu muna duba ko jarumi ya tsira, shi yana ƙirga mutanen ɗakin injin da ba a ko nuna fuskarsu ba.

Haka yake a siyasar duniya ma. Rubutunsa cike da kuskure, harafi ya faɗi nan, wani ya ƙaru can, amma in ya kama magana ba ya saki. A kan takunkumi muka ɓata. Manyan ƙasashe sun ƙaƙaba wa wata ƙasa saboda yaƙin da shugabanta ya tayar, ni ina goyon baya. Kuku ya ce shugaban ba zai rasa ko cokali ɗaya ba, wanda zai ji a jikinsa shi ne mai ƙaramin shago da ke jiran ƙarfen gyara daga waje. Na kawo masa tarihi, na kawo alƙaluma. Ya ce duk ya ji, amma har yanzu ban faɗa masa abin da mai shagon zai ci ba. Ranar wata ɗalibata ta daki bangon makaranta da mota, raina a ɓace yake tun safe. Zuciya ta ɗebe ni na rubuta: "Siyasar duniya ba wankin tukunya ba ce. Wanda bai iya haɗa jimla ba ya bari masu karatu su yi magana."

Bai amsa ba. Washegari ma bai amsa ba.

Muka ce fushi ne. Likita ta ce in ba shi haƙuri, na ce shi ya fara. Mako ya wuce, biyu suka wuce, ina leƙa zauren tsakanin ɗalibi da ɗalibi, ina ƙara cika ina batsewa. Ranar kwana na talatin na zauna a cikin mota da rana tsaka na rubuta saukarsa. Sauran da suka bar mu a baya, saukar mutunci na yi musu, wani ya samu aiki a tashar taurari, wata ta yi aure. Shi kuwa na rubuta cewa Kuku ya ga wuya ta zo, ya saci ƙaramin jirgin tsira, ya kwashe rabin abincinmu ya gudu ya bar abokansa da yunwa. Na ƙawata shi sosai, har na ji daɗin kaina. Likita ta rubuta kalma uku kawai: "Wannan bai dace ba." Huɗu ne ma, amma ban tsaya ƙirgawa ba, na ce doka ce.

A kwana na hamsin da biyu saƙo ya shigo baranda da sunan Kuku. "Ku yi haƙuri, ba shi ba ne, 'yarsa ce. Bai san na rubuto ba. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki kusan wata biyu ke nan. Ba ya magana, hannun damansa ba ya motsi."

Na karanta a bakin titi, ɗalibi yana jirana. Na ce masa ya tafi gida, darasin yau ya tashi. Na karya al'adar zauren na roƙi lambarta da kwatancen gidansu.

A shagonsa ta tarye ni, don gidan yana bayansa. Malamar firamare ce, za ta yi shekara talatin, mai sanyin magana. Shagon wani lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene a layin teloli, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannu biyu ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Kawunan kekuna jere a kan kanta, kowanne da takarda ɗaure da sunan mai shi, ga bel ɗin keke rataye a ƙusa, ga gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, ga warin man keke. Ta share mini benci da gefen mayafinta.

"Zauna, Kawu. Kai ne Kyaftin, ko? Na zaci za ka fi haka tsayi."

A nan ta ba ni labarinsa. Shi ne babba a cikin su bakwai. Mahaifinsu ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, ya rasu Kuku yana aji huɗu na firamare, daga nan karatu ya tsaya. Aka kai shi wajen wani mai gyaran keke, ya yi shekara takwas yana wanke ƙarafa da kananzir kafin a bar shi ya kwance keke shi kaɗai. Da wannan lungun ya aurar da ƙannensa mata uku, ya kai autansu jami'a. Shekara arba'in da ɗaya yana buɗewa ƙarfe bakwai. Teloli sun ce in yana wucewa ya ji ƙarar keke, sai ya leƙo ya ce, "Allurarka ta karkace," ya yi gaba, kuma in aka duba haka ne.

Akwai wani talabijin a saman kantar shagon, wani tela ne ya bar masa da zai bar gari. A nan ya kamu da son shirin taurari. Wayar kuwa ita ta koya masa lokacin da za ta tafi kwaleji, don kar kaɗaici ya cinye shi.

"Mama ta rasu shekara tara ke nan," in ji ta. "Kun sani?"

Ba mu sani ba. Amma na tuna wani mako, shekara tara da suka wuce, da Kuku ya yi ta rubuta cewa ya jera kwano bakwai a teburin jirgi alhali mu shida ne, kullum sai ya ɗauke ɗaya ya mayar. Makaniki ya tsokane shi cewa tsufa ya zo. Ni har dariya na tura.

Ta jawo wata durowa. Cike take da kwalayen allura da aka buɗe aka shimfiɗa, bayansu duk rubutu da fensir. Ashe kowane sakin layi sai ya fara rubutawa a kwali, ya goge, ya gyara, ya duba wani ƙaramin ƙamus da murfinsa ya cire, sannan ya kwafa a waya da yatsa ɗaya. Abin da nake rubutawa ina jiran fitilar hanya ta ba ni hannu, shi rabin yini yake ci masa tsakanin keke da keke. Kuskuren da nake gani, wanda ya tsere masa ne bayan duk wannan.

Na tambaye ta yaushe ciwon ya same shi. Ta faɗi ranar. Washegarin maganata ce, da safe, yana buɗe kwaɗon shago.

"Hawan jini ne, Kawu, ya daɗe da shi, ba ya shan magani yadda ya kamata," ta ce, don ta ga fuskata. Na gode mata, amma ban samu sauƙi ba.

"Me ya sa ba ki sanar da mu tun farko ba?"

"Ya hana. Da aka sallamo mu daga asibiti, kullum da yamma in na dawo daga makaranta sai ya nuna wayar da ido, in karanta masa inda kuka tsaya. Na ce Baba bari in rubuta musu ba ka da lafiya. Ya girgiza kai. Na ce to ka nuna mini, in rubuta abin da Kuku zai ce. Ya riƙe hannuna da na hagunsa har sai da na ji zafi. Daga baya na gane wai dokarku ce. Ya yi ta gwadawa da hagu, amma haruffan sun rikice masa, yakan yi awa bai haɗa kalma ba."

Na san amsar, amma na tambaya.

"Kin karanta masa wanda na rubuta?"

"Na karanta. Ni ban san kan labarin ba, na ɗauka wasan ne haka, har na yi dariya a wajen satar abincin. Ya nuna in sake. Na sake. Daga ranar bai ƙara neman wayar ba."

Na ce zan goge, zan rubuta wani, zan ce mafarki Kyaftin ya yi. Ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "Ka goge, Kawu. Amma sau biyu ya ji."

Muka zaga ta wani siririn lungu zuwa gidan. Ɗaki biyu ne da tsakar gida kamar tabarma, an shanya zannuwan gado a igiya, ga keken guragu na aro jingine da bango. Na cire takalmi a ƙofar falo. Ta ɗaga labulen ɗakin ciki ta shiga, ina jin muryarta ƙasa-ƙasa. Ta daɗe kafin ta fito.

"Ya girgiza kai."

"Kin faɗa masa daga inda na taso?"

"Na faɗa. Wataƙila ba ya so ka gan shi a haka ne." Ba ta kalle ni ba da ta faɗi wannan.

Na roƙe ta in yi magana daga bayan labule, tunda kunnensa lafiya lau. Ta matsa mini. A mota na tsara jawabi mai tsawo, duk ya gudu. Na tsaya ina kallon labulen, mai zanen furanni da suka koɗe.

"Kuku, ni ne," na ce. "Ban san kana kwance ba. Amma ko da lafiyarka ƙalau, abin da na faɗa ƙarya ne, abin da na rubuta kuma mugunta ce. Ka fi ni sanin duniya, ka fi ni iya zama da mutane. Don Allah ka yafe mini."

Na jira. Ina jin kekunan teloli daga layi, ina jin numfashinsa mai nauyi. Can sai gadon ya yi ƙara, a hankali, irin ta mutumin da ke jan jikinsa da hannu ɗaya. Na ɗauka ƙoƙarin tasowa yake. Ta leƙa da sauri, ta tsaya riƙe da gefen labulen, sannan ta sake shi.

"Ina ya juya?" na tambaye ta.

Ta sunkuyar da kai.

"Bango, Kawu."