Ranar da Teburin Kawu Fortuin Ya Karya Hannu

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin ƙera taurarin ɗan'adam da ke bayan garin Stellenbosch a Afirka ta Kudu ya san Kawu Fortuin. Ɗan masu tsinkar inabi ne. Da gyaran injinan gona ya fara, har ya zama shi ke riƙe da teburin girgiza, inda ake ɗaure duk abin da za a harba sama, a jijjiga shi yadda roka za ta yi masa. Abin da zai karye, gara ya karye a ƙasa.

Mutum ne mai baki. Babu injiniyan da zai kawo kayansa bai sha tsiya ba.

Wata rana Zukiswa, sabuwar injiniya, ta kawo hannun mutum-mutumin da ta daɗe tana ƙerawa don kamo matattun taurari. Kawu ya kewaya shi, ya taɓe baki.

"'Yata, wannan ƙafar sauron za ki aika sama? Ko atishawa na yi sai ta ɓalle."

Aka yi dariya. Ya ɗaure hannun yana ta zuba, ya kunna. Teburin ya fara rawa, can sai ya haukace. Ƙas! Hannun ya karye a gwiwa.

"Ai na faɗa," in ji Kawu.

Zukiswa ta durƙusa tana tsintar ɓaraguzai. Da ta miƙe, sai ta danƙa masa wani ɗan abu a tafin hannu, ba tare da kowa ya gani ba. Na'urar da ke auna ƙarfin girgiza ce. Garin surutu Kawu bai manna ta da kyau ba. Da ta faɗi, injin ya zaci bai yi komai ba, ya yi ta ƙara wuta.

"Kawu, kai za ka faɗa ko ni?" ta ce a hankali.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A gaban waɗanda suka yi dariyar ya faɗa. Ba a kore shi ba, amma bakin nan ya mutu.

Aka sake ƙera hannun, ya tsallake gwaji. Ranar harbawa aka gasa nama a harabar kamfani, kowa ya zuba wa talabijin ido. Kawu kuwa ya ba ta baya, yana juya nama.

"Kawu, juyo mana," in ji Zukiswa. "Kai fa ka gwada shi."

"Nama zai ƙone, 'yata," ya ce, bai ɗago kai ba.